Layin da Kawu Ya Ce a Goge

Daga Allah muke, kuma can za mu koma. Kawu, yayan mahaifiyata, ya riga mu tafiya tun gero bai fid da kai ba, kuma har yau in na tuƙa tuwo sai in ga na ware nasa a kwano kafin in tuna.

Ba kewa kaɗai ta sa ni wannan rubutu ba. Abin da kunnena ya ji a zaman makoki ne ya hana ni sakat. Ina cikin gida ina cika butoci, zana ce kawai tsakanina da mazan da ke zaune a waje, kuma zana ba ta tare magana. Wani ya ce, "Allah shi jiƙan tsoho, amma dai ya ba mu wuya kan ruwan nan." Wani ya yi tari irin na ɓoye dariya. Maƙwabcinmu, matashin ɗan kasuwa da ke yi wa mutane wa'azi a bakin shagonsa, ya ce marigayi mutumin kirki ne sai dai ya cika zato, zato kuwa zunubi ne, a roƙa masa gafara a kan wannan musamman. A ɓangaren mata, Gwaggo ta jawo zanena ta raɗa mini cewa doguwa, aljanar tsamiyar da aka sare a wurin ginin tankin ruwa, ce ta riƙe masa hannu. Wata kuma, ba zan faɗi ko wace ce ba, ta ce babu wata doguwa, hassada ce: tsohon injiniya bai so ɗansa ya fi shi.

Ɗan nasa yana zaune a kan tabarma, kai a sunkuye, yana amsa gaisuwa. Ya ji. Ni kuwa na san yadda abin ya faru, don ta bakina ya bi. Na nemi izininsa kafin in rubuta, ya ce in rubuta. Inda na manta zan ce na manta. Allah ya tsare ni daga ƙari.

Garinmu ƙarami ne, a hanyar Ɗan Kassari. Rijiyarmu mai zurfi ce, sai da jaki ake janta. Da wata ƙungiya ta haƙa mana rijiyar burtsatse, aka ce za a kafa shato, wato babban tankin ruwa a kan dogayen ƙafafu na ƙarfe, ruwa ya riƙa sauka cikin famfo. Filin da aka zaɓa yana bayan katangata. In ka tsaya a inda aka buga turaku, ɗakin da 'ya'yana ke kwana ne abu na farko da za ka gani a yamma, kuma iskar farkon damina daga gabas take taso mana. Tun ran da na lura da haka abinci ya daina yi mini daɗi. Maigidana ya ce, "Ke dai ko allura aka kafa sai kin ce za ta faɗo kanki." Gaskiyarsa, haka nake. Nakan koma daga hanyar kasuwa in duba ko na kashe wuta, alhali na san na kashe.

Mutum ɗaya ne bai taɓa yi mini dariya a kan wannan hali ba, shi ne Kawu. Sunan mahaifiyarsa aka sa mini, don haka Uwata yake ce mini. In na koma duba wuta ya gan ni, sai ya ce, "Koma, Uwata. Wanda ya koma bai taɓa ƙona gari ba." Shi ma ai haka yake. Bai zama a kujera sai ya girgiza ta. Bai shiga sabon ɗaki sai ya dafa bango da tafin hannu. In aka kawo masa labari, ko na farashin wake ne, tambayarsa biyu ce: "Wa yac ce? Wa yag gani?" Yara har kwaikwayonsa suke yi a bayan idonsa. Ya yi aikin gwamnati shekaru masu yawa yana gina shatuna na kankare a ƙasar Dosso. Da ya ajiye aiki, matarsa kuma ta rasu, ya dawo gida da tsohuwar kwamfutarsa da faifan hasken rana, ni nake kai masa abinci.

Wanda ya zana sabon shaton ɗansa ne na fari, taubashina. Ya yi karatun injiniya a Yamai, yana aiki a Dogon Dutsi. A nan matsalar take. Kawu mutumin da ne: bai kiran sunan ɗan fari, bai zama da shi su yi hira, ko ido ba su cika haɗawa ba. "Wancan" yake ce masa. Kowanensu yana da waya, amma ban taɓa ganin sun kira juna ba sai gaisuwar salla, ita ma a taƙaice. Dattawan gari kuwa suka ce ba za a ɗaga ƙarfe ko ɗaya ba sai Kawu ya duba lissafin. To wa zai kai magana ya kawo? Ni, da na tsaya a ajin ƙarshe na ƙaramar lakwal, wato firamare.

Taubashin nawa ya kira ni yana dariya. "Baiwata, an ba ki muƙami. Kin zama injiniya."

"Bawan banza," na ce, "in shatonka ya faɗo kan ɗiyana, da muciya zan iske ka har Dogon Dutsi."

Ya aiko da aikin a ɗan abin nan da ake soka wa kwamfuta, ta hannun mai babur. Na zauna a gefen Kawu da kwanon tuwo yana hucewa. Abin da na gani rubutu ne layi-layi, kamar jerin umarni. Kawu ya ce wannan rubutun shi ke gaya wa kwamfuta komai: ga ƙafa a nan, ga kaurinta, ga nauyin ruwa, ga yadda iska za ta bugo. Ita kuma sai ta zana shaton a fuskarta, ta tura shi, a ga yadda zai yi.

Da farko ta ƙi. Ta tafi rabi ta tsaya, ta fito da jan rubutu. Sai na ga Kawu yana murmushi. "In tana ƙorafi hankalina kwance yake," in ji shi. "Ki ce ma wancan ya ba sanduna biyu lamba ɗaya." Na maimaita a zuciyata har bakin ƙofa, na kira, na faɗa, na sake kira don in tabbatar ban juya maganar ba. Aka gyara. Ta sake tsayawa: wannan karon ƙafa ɗaya ba a gaya mata an ɗaure ta da ƙasa ba. Aka gyara. Haka muka yi ta yi, ina tsakiya kamar igiyar guga.

Rannan da hantsi ta tafi sumul har ƙarshe, babu ja ko ɗigo. Shaton ya karkata a fuskar kwamfuta, ya dawo, ya ɗan sake karkata, ya tsaya cak. Na ce alhamdu lillahi. Kawu bai ce ba. Ya cire tabarau ya goge, ya sake tura shi. Ya sake. Fuskarsa ta canza.

"Ƙarya take yi," ya ce.

"Kawu, na'ura tana ƙarya?"

"Taho ki gani."

Ya ja ni zuwa ƙofar gidansa. Ya ɗauki taɓarya ya bugi bangon ƙasa: dum, shi ke nan. Ya bugi ƙyauren ƙarfe, ya ɗora hannuna a kai. Ƙyauren ya daɗe yana rawa a ƙarƙashin tafina, yana kuka a hankali. Ya ce kowane gini in an tura shi yana rawa, kuma kowane gini yana da yadda yake shanye rawar har ta mutu. Ya faɗi sunan abin da Faransanci, na kasa riƙewa, ya ce in ce lafawa. Ƙasa da kankare suna lafawa da wuri. Ƙarfen da aka yi wa walda kuwa yana daɗewa. In iska ta bugo, ta sake bugowa kafin rawar farko ta mutu, sai rawa ta hau kan rawa. "Wanga shato na ƙarfe ne," ya ce, "amma a cikin na'ura yana lafawa kamar bangon ɗakina. Wani ya saka mishi abin da ba nashi ba."

A ranar na kwashe tabarmin yara na mayar ɗakin gaba, alhali ko ƙafa ɗaya ba a kafa ba. Maigidana ya kalle ni ya girgiza kai.

Daga nan Kawu ya shiga zargi, kuma ba zan ɓoye ba, ya zargi kowa. Ya zargi manhajar, ya ce ƙila ta bayan fage ce, irin wadda ake kwafa a kasuwa. Taubashina ya ce in gaya masa da izininta ta zo. Kawu ya zargi tsohuwar kwamfutarsa, ya ce zafi ya taɓa ta, ya sa na riƙa jiƙa tsumma ina shimfiɗawa a ƙarƙashin teburin. Ya zargi mai kwangilar ƙarfe, wai ko shi ya lallaɓa yaron a rage kauri. Ya duba layin da taubashina ya rubuta na lafawa, ya ga lambar daidai take da ta ƙarfe, wannan ya ƙara fusata shi. Ya zana sanda ɗaya tilo a wani sabon shafi, ya tura ta, ya gwada da lissafin hannu, suka yi daidai. Ke nan manhajar ba ta da laifi. Saura mutum ɗaya.

"Ki ce ma wancan," ya ce, "in kwaso rubutun wani ya yi daga intanet ya liƙa, shi hwaɗi. Ban haifi mai gina ma mutane kabari ba."

Na fita da wayar a hannu na daɗe a tsaye a zaure. In na faɗa yadda yake, na raba uba da ɗa. In na sassauta, na ci amanar saƙo. Ƙarshe na faɗa yadda yake, kalma bayan kalma, ina hawaye. Taubashina ya ce, "Ki ce ma Baba na ji." Bai ce mini baiwata ba.

A lokacin bazara ta kama. Ƙarafan suna jibge a bayan katangata, an yanka su, rana na dukansu. A bakin rijiya mata suka daina gaishe ni da fara'a. Wata ta ce, "Ki gaida Kawunki, ki ce jakinmu na gode mishi." Ni ma har na fara zargi: ko dai tsufa ne ya kama Kawu? Ko dai abin da ake faɗa na hassada yana da ƙamshin gaskiya? Allah ya yafe mini wannan tunani.

Taubashina ya ɗauke ƙafa daga kira. Da ya sake kira, muryarsa kamar ta mai ciwo. "Ki ce ma Baba, in ya ga dama, in bai gaji ba, shi cire layina na lafawa gaba ɗaya, shi sake tura shi."

Na kai saƙon. Kawu ya ce, "Aiki zai koya mini?" Ya juya mini baya. Na ajiye tuwo na zauna, na ƙi tafiya. Can sai ya jawo kwamfutar yana gunaguni. Ya ce in aka cire layin nan babu sauran abin da zai shanye rawar, shaton zai yi ta lilo a fuskar na'ura har a tashi duniya. Ya cire. Ya tura.

Shaton ya karkata, ya dawo, ya yi lilo kaɗan, ya tsaya.

Kawu ya matso da fuskarsa. Ya ce, a hankali, "To akwai wata lafawar a ɓoye." Ya bi rubutun da yatsa daga ƙasa zuwa sama, layi bayan layi, har ya kai na farko. Wannan layin kullum tsallake shi yake yi, don ya san shi. Aikinsa kawai ya kirawo wani tsohon rubutu, wanda ke ɗauke da ma'aunai da nauyin kayan gini. Kawu ne da kansa ya rubuta shi lokacin yana aiki. Shi ne kyautar da ya aika wa ɗansa, ta hannuna, ran da ya gama karatu, tun da ba zai iya ce masa barka da baki ba. Ya buɗe shi. A can ƙasa akwai layi ɗaya da ke saka wa kowane gini lafawar kankare, don shi duk rayuwarsa kankare ya gina. Na'urar tana haɗa ta uba da ta ɗa, ta ba shaton ƙarfe duka biyun.

Kawu ya janye yatsansa daga rubutun. Ƙuda ya sauka a tuwon, ban kore shi ba. Daga baya Kawu ya ce, "Uwata, na zargi kasuwa, na zargi rana, na zargi ɗana. Mutum ɗaya ban tambaya wa yag gani ba: ni kaina."

Na fita na kira taubashina, kuma a ranar ni ce na yi faɗa. "Yaushe ka gano?"

Ya ce tun bayan saƙon nan mai zafi ya zauna ya bi rubutun ya gani.

"Ka gani ka yi shiru? Mata na zagina bakin rijiya, tsoho bai iya cin tuwo, kai kana can ka sani?"

"In ce miki mi? Ki je ki ce ma Baba kuskurenshi ne? Ke kin taɓa ce mishi haka?"

"To ka goge shi a ɓoye mana!"

"Da ya ga rawar ta canza sai shi tambaya mi ya canza ta. Kin san shi. Kuma hannuna bai iya goge rubutunshi." Ya ƙara da cewa, "Da ba a kafa shi haka ba, wallahi. Hanyar da zai gani da idonshi nike nema."

Na yarda da shi, amma na gaya masa kunyarsa ta kusa kashe ni.

Da aka hana tsohon layin aiki, shaton ya nuna halinsa na gaskiya. Ya yi ta lilo a fuskar kwamfuta, faɗi-faɗi, har na rufe ido. Dole a ƙara sanduna masu gicciye tsakanin ƙafafu, a ƙara kauri a gindi, kuma sai an jira ƙarfen daga nesa. Kawu ya ɗauki sandarsa ya je gaban dattawa ya ce, "Akwai kuskure cikin lissahi, kuma nawa ne. A dakata." Ina jin da ya yi ƙarya ma da an fi yarda da shi. Mutane suka ce yaya za a yi kuskure ya zama nasa, alhali ɗansa ya yi zane? Lalle wata dabara ce ta hana yaro suna. Daga nan maganar hassada ta fito. Bai sake bayani ba. Ya koma gida ya bi lissafin tsofaffin shatunansa ɗaya bayan ɗaya, ko da yake lambar daidai take ga kankare. Ya ce yana so ya gani.

Ruwan farko ya sauka, aka yi shuka, jikinsa ya fara ƙi. Hawan jini ne, in ji likita. Ranar da na kai masa kunu ya kasa sha, ya riƙe hannuna ya ce, "Ki ce ma wancan shi goge layin nan. Kada wani shi gada." Ya ɗan huta. "Ki ce mishi aikinshi mai kyau ne." Na kai duka biyun kafin la'asar. A na biyun sai da na maimaita, don taubashina ya ce bai ji ba. Na san ya ji. Ya iso garin washegari, ya tarar Kawu ya cika, har an gama wanka.

Bayan an yi girbi aka kafa shaton da sababbin sandunansa, aka cika shi. Taubashina ya zo ya yi gwajin da Kawu ya ce a yi. Aka ɗaura doguwar igiya a sama, maza suka ja, har da maƙwabcinmu mai shago da maigidana, sannan aka sake ta gaba ɗaya. Ya ɗaure wayarsa a can sama tana auna rawar. Ni kuwa na dafa ƙafar shaton da tafin hannuna. Na ji rawar ta zo, ta daɗe kamar ta ƙyauren Kawu, tana raguwa, tana raguwa, har ta mutu. Ya sauko ya ajiye zanen wayar kusa da zanen kwamfuta a kan tabarmata. Ko ni na ga sun yi kama.

Amma akwai abin da ke cina. Na ce, "Ka goge?"

Ya buɗe tsohon rubutun. Layin yana nan. Sai dai ya dushe, ya koma toka-toka, da wata 'yar alama a gabansa.

"Amana na kawo maka!" na ce. "Goge ya ce."

Ya ce wannan alamar tana gaya wa na'ura ta tsallake layin. Mutum zai gan shi, ita ba za ta bi shi ba. Ya nuna mini abin da ya rubuta a ƙarƙashi, ya fassara mini: na kankare ne, kada a sa wa ƙarfe.

"Wa yac ce tana tsallakewa?" na ce. "Wa yag gani?"

Ya kalle ni, ya yi dariya har idonsa ya kawo ruwa. Ya sa yatsa a ƙarshen layin ya rubuta "baiwata mai muciya", ya tura. Ya ce in tana karanta layin, yanzu za ta tsaya ta fito da jan rubutu, don ba ta san wannan yaren ba. Na zuba ido. Ba ta tsaya ba. Shaton ya yi lilonsa ya lafa yadda ya yi a hannuna. Na ce ya sake. Ya sake. Sannan ya share zagin da ya yi mini, ya bar layin Kawu yadda yake.

"Tun ina yaro duk abin da ya aiko ki da shi na yi," ya ce. "Wanga ɗaya ki bar mini."

Ban san hukuncin wannan ba a wurin Allah, kuma na kan yi tunaninsa. Ni dai na isar. Da yamma na kwashe tabarmin yara na mayar ɗakinsu na yamma da shato.

Masu cewa zato, masu cewa doguwa, masu cewa hassada, duk a famfon nan suke ɗiba yanzu, kuma ban riƙe kowa a zuciya ba. Ina roƙon duk wanda ya tara bokiti a wurin ya yi wa Kawu addu'a kafin ya cika. Allah ya yafe masa abin da ya sani da wanda ya tsallake, ya sanyaya makwancinsa, ya sa ya tarar da abin da ba sai ya girgiza ba kafin ya zauna. Amin.